Kamun Kai da Turawan Mishan na Lakwaja, 1890 zuwa 1892

Tun da daɗewa Kiristoci su ke riƙe da cewa wanda ya hori jikinsa da azumi da addu'a da gudun duniya, shi ne ke samun ƙarfin ruhu. An gwada wannan ra'ayi a bakin ƙasar Hausa cikin shekarar 1890, sa'ad da waɗansu Turawan C.M.S. su ka sauka Lakwaja da niyyar kutsawa arewa cikin Hausawa. Shugabanninsu, watau Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, sun ajiye tufafin Turai, su ka sa riga da rawani, su na cin abin da mutanen gari ke ci. Brooke ma cewa ya yi ba ya neman kāriyar Ingila. Hukuncin da sarakunan Musulmi za su yanke wa wanda ya bi shi, shi ma ya yarda ya hau kansa. Malaman da su ka tashi da littattafan zuhudu ba za su ga baƙon abu cikin irin wannan zama ba.

Ƙarfin zuciya kam sun same shi, ba mai musu. Amma fa ma'aunin da su ka auna kansu da shi, da shi su ka auna kowa. A taron da a ka yi a Onitsha cikin watan Agusta na 1890, su da abokansu su ka tuhumi limaman coci baƙar fata da sakaci, a ka dakatar da waɗansu, har da Dandeson, ɗan Bishop Samuel Ajayi Crowther, a gaban tsohon. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ya na wahala a kogin Kwara, samarin jiya su ka kunyata. Ya rasu ƙarshen 1891.

Su ma ba su daɗe ba. Robinson ya rasu a 1891, Brooke a 1892, ko ganuwar Kano ba su gani ba.

Abin da ya wanzu daga naciyarsu, harshe ne ya ci moriyarsa. Domin tunawa da Robinson, wanda ya duƙufa kan koyon Hausa, a ka kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila. Ita ce ta aiko ɗan'uwansa, C. H. Robinson, ya isa Kano ƙarshen 1894, sa'an nan ya fitar da juzu'in farko na ƙamusunsa a 1899.