Curin Yuraniyom Daga Kogon Haigerloch

A shekarar 2013 aka kai wa Timothy Koeth, masanin kimiyya a Jami'ar Maryland da ke Amurka, wani baƙin curin ƙarfe. Kowane gefensa santimita 5 ne kacal, amma nauyinsa ya haura kilo 2. Tare da shi akwai 'yar takarda mai cewa an ɗauko shi ne daga tukunyar nukiliyar da Hitler ya yi yunƙurin ginawa.

Tukunyar dai an san labarinta. A farkon 1945, ana gab da gama Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyar masanin kimiyya Werner Heisenberg ta rataya curin yuraniyom 664 a jikin wayoyi, ta tsoma su cikin ruwa mai nauyi a wani kogo da ke garin Haigerloch a kudancin Jamus. A watan Afrilu jami'an shirin Alsos na Amurka da Birtaniya suka tono 659 a wata gona inda aka binne su. Tambayar da aka daɗe ana yi ita ce, shin Jamusawan sun kai ga kunna ta? Bayan yaƙi kowa ya faɗi abin da zai wanke shi, don haka gara a tambayi ƙarfen.

Hanyar tambayar ita ce wadda ake bi wajen auna yawan makamashin da ya ƙone a tukwanen bincike, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Duk ƙwayar yuraniyom-235 da ta tsage tana barin ɓurɓushi, kamar yadda itace ke barin toka. A cikin tsagewa 100, kusan 6 na haifar da siziyom-137, shi kuma yana fitar da hasken gama mai ƙarfin 662 keV, ba ya sauyawa. Sai a ajiye na'urar jamaniyom mai sanyin gaske a gaban makamashin, ta rarrabe hasken gwargwadon ƙarfinsa. Tsayin layin 662 keV da na'urar ta fitar shi ke nuna yawan abin da ya ƙone, ba tare da an yanka ko an narkar da komai ba. Masu wannan aiki kan haɗa da siziyom-134, to amma shi duk shekara biyu rabinsa ke ɓacewa, bai da amfani ga kayan 1945. Siziyom-137 kuwa sai ya yi shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. Ke nan bayan shekara 68 da sauran kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Da Koeth da ɗalibarsa Miriam Hiebert suka auna, sai suka ga yuraniyom ne yadda Allah ya halicce shi, ba a inganta shi ba. Layin siziyom kuwa babu shi sam. Curin bai taɓa zama cikin tukunyar da ta kama aiki ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a takardun tarihi suka same shi. Lissafi ya nuna tukunyar na buƙatar ƙarin kusan rabin adadin curin da ke cikinta kafin ta kama aiki. Ashe akwai wasu kimanin 400 a hannun ƙungiyar Kurt Diebner, abokin hamayyar Heisenberg, wadda ta yi nata gwajin a Gottow. Da an haɗa su da yuraniyom ɗin ya isa, ko da yake ana jin ruwa mai nauyin ma sai an ƙaro. Ƙungiyoyin biyu suna gasar kuɗi da kayan aiki, kowa ya riƙe nasa har yaƙi ya ƙare.