Filaye da Kududdufan Birnin Kano: Waiwaye Adon Tafiya

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin filayen da ke cikin ganuwar Kano, domin a ga aikin da suka yi a da, da kuma abin da gine su ya haifar.

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ne ya soma gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta. Magabata ba su ja ganuwar daidai bakin gidaje ba. Sun haɗa da gonaki da wuraren kiwo, saboda idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya a sami abin ci a ciki. Sa'ad da Bature Clapperton ya ziyarci Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ganuwa ta kewaye ba. A tsakanin unguwanni kuwa akwai kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ke karɓar ruwan damina.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, tsoron hari ya kau. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya jawo baƙi, sannan a 1967 Kano ta zama babban birnin jiha. Sannu a hankali gonaki suka koma fulotai, gidan da iyali guda ke zaune aka yanka shi ɗakunan haya. Da fili ya yi wuya, sai aka juya kan kududdufai, ana cike su da shara da ƙasa ana sayarwa. Ko filin Idi bai tsira ba, domin an gina shaguna a jikinsa, har gwamnati ta rushe su a 2023.

Babu mai musun cewa jama'a na bukatar muhalli. Sai dai akwai bambanci tsakanin gona da kududdufi. Gonar cikin birni ta gama aikinta tun ranar da yaƙi ya ƙare, amma ruwan sama bai daina sauka ba. Duk kududdufin da aka cike, ruwansa sai ya nemi makwanci a titi da ɗakunan talakawa. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaga benaye a inda aka riga aka yi gini, a haɗa su da magudanai, a bar wa ruwa sauran ramukan da kakanni suka bar masa.