Yaran Rumasha da Ranar Fitarsu

A bakin kogin Binuwai, cikin Jihar Nasarawa ta yanzu a Nijeriya, akwai wani gari da ake kira Umaisha. Turawan mishan na dā sun san shi da sunan Rumasha. A nan ne aka buɗe wani gidan renon yara a shekara ta 1909, wanda labarinsa ya shafi Kamaru da Cadi kamar yadda ya shafi Nijeriya, gama da yawa cikin yaran daga wajen can aka kawo su.

Ga yadda abin ya faro. A shekara ta 1901 Gwamna Lugga ya kafa doka a Nijeriya ta Arewa, ya hana saye da sayar da mutane, ya kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Amma fataucin bai mutu nan da nan ba. Fatake suka koma ga ƙananan yara, domin yaro ya fi sauƙin ɓoyewa, ana iya cewa ɗan gida ne. Ana ɗauko su daga ƙasar Adamawa wadda ke hannun Jamus a lokacin, da ƙasashen da ke kudu da Tabkin Cadi. Waɗansu sace su aka yi, waɗansu kuwa yunwa ce ta sa aka ba da su a bakin hatsi. Idan sojoji ko 'yan doka suka tare ayari, sai a sami yaran da ba su san sunan ƙauyensu ba, balle hanyar komawa.

Gwamnati ta buɗe gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, hedkwatarta ta lokacin, ɗaya kuma a Maifoni cikin Barno. Yara da yawa sun iso da ciwo da rama, da yawa kuma suka mutu. Waɗanda suka rayu akan ba da su ga masu riƙo, su yi aikin gida, ko a sa samari koyon sana'a. A 1909 gwamnati ta rufe gidan Zungeru, ta danƙa yaran a hannun mishan ta SUM, wadda ta fara aiki a Wase a 1904 ƙarƙashin Dokta Karl Kumm. Aka sa wa sabon gidan sunan matarsa Lucy, wadda ta rasu a 1906.

Yaran sun fito daga kabilu dabam dabam, saboda haka Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Da ita suka koyi karatu da rubutu, da ita suka ji bishara, tun kafin a gama fassara dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Aka koya musu noma da aikin hannu, 'yan mata kuma ɗinki da wanki da girki. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya dami wurin, sai aka mai da gidan Wukari a 1918. A 1925 aka rufe shi, gama yaran sun girma, sababbi kuma ba su zuwa kamar dā.

Ciyar da yaro da tufasar da shi aiki ne mai nauyi, amma wuyar da ta fi ita ce ta ranar fita. A ƙasashen nan, a wancan zamani, ba takarda ce ke mai da saurayi magidanci ba. Gona daga gandun ubansa take fitowa. Sana'a, ko ƙira ko saƙa ko jima, gado ce. In ya tashi aure, baffanninsa ne za su kai gaisuwa, su biya sadaki. Yarinya kuma tana bukatar wanda zai ba da ita, da uwar da za ta tara mata kayan ɗaki, da gidan da za ta koma in zama ya yi tsami. Yaran Rumasha ba su da ko ɗaya cikin waɗannan. Suna da karatu, suna da sana'a a hannu, amma ba su da dangi, ba su da ƙasar gado, tabon bauta kuma yana bin sunansu.

Dole mishan ta tsaya a matsayin iyaye. Waɗansu cikin yaran suka auri juna, suka kafa gidajen Kirista tun lokacin da masu bi 'yan ƙasa ba su da yawa a kwarin Binuwai. Waɗansu suka zama masu bishara da malaman makaranta, waɗansu suka yi aiki a gidajen Turawa, waɗansu kuwa suka bazu cikin garuruwa neman abin kansu. Amma mishan baƙuwa ce. Bature yakan tafi hutu, a sauya masa wurin aiki, ko ya koma ƙasarsu. Gida kuma an rufe shi. Wanda zai iya zama dangi na dindindin shi ne wanda ke zaune a ƙasar, wato ekklesiya. Ita kuwa a lokacin jaririya ce: sai a 1955 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SUM suka haɗu cikin tarayyar TEKAS, wadda daga baya ta zama TEKAN.

Bautar da ta tara yaran Rumasha ta wuce, amma marayu ba su ƙare ba. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba yara masu yawa da iyayensu a kewayen Tabkin Cadi, cikin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, kusan wuraren da aka ɗauko waɗancan yara shekara ɗari da suka wuce. Ekklesiyoyi da iyalai masu bi sun karɓi waɗansu riƙo, an kuma buɗe gidajen marayu. Kowane ɗaya cikin yaran nan zai kai ranar fitarsa.

Abin da tarihin Rumasha ke nunawa shi ne, shirin wannan rana ba a bari sai ta zo. Tun yaro yana ƙarami ya kamata a nemi danginsa in suna da rai, a rubuta sunan garinsu, a taimake shi ya riƙe harshen iyayensa. Ya koyi sana'a wurin mai sana'a na cikin gari, ya san ciniki da kasuwa da tattalin kuɗi, kada ya san bangon gidan marayu kaɗai. Kafin ya fita, dattawan ekklesiya su san wane magidanci ne zai tsaya masa a maganar aure, wa zai ba shi aron gona ko jari, wace uwa cikin zumuntar mata za ta ɗauki nauyin kayan ɗakin yarinya. Ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da ciwo ya kama shi ko aiki ya ƙare.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Yaran Rumasha sun sami masu reno daga ƙetaren teku a lokacin da babu ekklesiyar da za ta karɓe su. Marayun yau suna da ita a kusan kowane gari. Saura ta yarda ta zama musu baffa da inna, har bayan ranar da aka sallame su.