Rage Ƙarfin Wutar Lantarki don Tayar da Moton Garmaho da Rikoda: Iyakar Aikin Taransfoma

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin rage wutar gida don tayar da moton na'urorin sauti da aka ƙera wa Amurka da Japan. Ta hanyar lissafi, an nuna cewa taransfoma tana rage ƙarfin wuta amma ba ta taɓa yawan kaɗawarta, kuma a nan ne gudun faifai yake lalacewa.

1.0 Gabatarwa

A Nijeriya wutar gida bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato haz 50. A Amurka bolt 120 ce a haz 60. Japan kuwa bolt 100 take bayarwa, haz 50 a gabas wajen Tokyo, haz 60 a yamma wajen Osaka. Kayan gwanjo daga waɗannan ƙasashe suna shigowa kasuwanninmu, kuma da irinsu ake kunna tsofaffin faya-fayai da tef masu ɗauke da muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Duk kuskuren da na'ura ta yi lokacin kwafe waƙa zuwa kwamfuta, shi za a gadar wa na baya.

2.0 Hanyar Nazari

An auna hanyoyi huɗu da ma'auni uku: zafi, tsabtar sauti da daidaiton gudu. Gudun moto mai bin kaɗawar wuta ana samun sa ne idan aka ninka haz da 120, aka raba da adadin kawunan maganaɗisunsa. Moto mai kawuna 24 yana juyawa sau 300 a minti a haz 60, sau 250 a haz 50.

3.0 Hanyoyin Rage Wuta

Rizisto a jere da moto ita ce mafi arha, amma ɓarna ce. Idan moto yana jan amfiya 0.1 aka kuma sauke bolt 115 a kanta, wat 11.5 ne zai zama zafi cikin akwatin. Kafasito ba ta zafi sosai, sai dai haɗuwarta da naɗin wayar moto na iya ɗaga wutar maimakon rage ta. Na'urar dusashe fitila da wasu ƙananan adaftan matafiya yanka igiyar wutar suke yi, sai moto ya riƙa gurnani, ƙarar ta shiga lasifika.

Taransfoma, wadda masu gyara ke kira sitefdawun, ita ce ta dace. Idan zagayen wayar shiga ya ninka na fita, tana mayar da bolt 230 zuwa 115. Mai naɗi ɗaya tal ta fi sauƙin kuɗi, amma ba ta raba na'ura da wutar gida, don haka mai naɗi biyu ta fi aminci ga mai taɓa ƙarfen.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

Garmahon haz 60 da aka ba shi haz 50 zai yi kashi 5 cikin 6 na gudunsa. Faifan juyi 33⅓ ya koma 27.8, na 45 ya koma 37.5. Tef mai tafiyar santimita 19 a daƙiƙa ya koma kusan 15.8. Sautin haz 440 ya faɗi zuwa 367. A kunne, muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya yi nauyi, waƙar minti 5 ta cinye minti 6.

Akwai kuma zafi. Maganaɗisun cikin moto yana bin rabon bolt da haz. Bolt 120 a haz 60 rabonsa 2 ne, a haz 50 kuwa 2.4, ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Bolt 100 ne ke mayar da rabon daidai.

Matsalar ba ta shafi kowace na'ura ba. Garrard 301 yana da fulin moto daban ga kowane haz, Thorens TD 124 kuma juya fulinsa ake yi. Revox A77 na 1967 da Technics SL-1200 na 1972 kuwa da'irar cikinsu ce ke tsare gudu, taransfoma kaɗai ta wadatar idan ƙarfin wuta ya saɓa. Janareta ma abin lura ne: ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti yake ba da haz 50, da lodi ya danne shi gudun faifai ya sauka. Sitabilaiza ba ta gyara wannan.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Kafin a jona na'ura, a karanta tambarin bayanta, a duba bolt da haz duka. A zaɓi taransfoma mai naɗi biyu wadda ƙarfinta ya ninka buƙatar na'urar, a sa mata fis, a nisanta ta da kan allura. Idan moton mai bin kaɗawar wuta ne, a sauya fuli da wanda ya fi shi faɗi da kashi 20 cikin ɗari, ko a nemi inbata mai tsabtar igiya da ke fitar da haz 60. Muna kira ga gidajen rediyo da cibiyoyin adana tarihi da kada su kwafi faifai ko ɗaya sai sun tabbatar da gudun na'urarsu.