Kirim Ɗin Bota: Yadda Ake Samun Kek Mai Sumul

Kirim ɗin bota haɗi ne na bota da garin sukari, galibi kashi ɗaya na bota ga kashi biyu na sukari a kan sikeli, wanda ake shafe kek da shi kafin a yi masa ado. A Ikara, Makarfi da Kudan babbar matsalarsa zafi ce: bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, kuma zafin Maris da Afrilu kan wuce haka. Shi ya sa ake gauraya ta da majarin, ko da ɗanɗano zai ɗan ragu.

A tankaɗe sukarin tukuna, domin gudaji ɗaya kan bar zane. A fara da shafi siriri da zai kama burbushin kek, a sa a firij na minti 20, sannan a yi na biyu mai kauri. A tsoma ƙarfen gogewa a ruwan zafi, a share shi, a riƙe shi a tsaye ana juya kek ɗin a hankali. Inda lantarki ba shi da tabbas, gara a yi aikin da asuba. Mazarƙwailar Makarfi kuwa, duk da daɗinta, ba ta dace da wannan aiki ba, saboda danshinta ba ya barin ta niƙu ta zama gari.