Sirrin soja da labarin baƙin sama: me takardun Amurka suke tabbatarwa?

Duk lokacin da wata takarda ta sulale daga rumbun sojojin Amurka tana maganar abubuwan da aka gani suna shawagi a sama ba a san ko mene ne ba, sai jama'a su ɗauka an kama gwamnati dumu-dumu tana ɓoye zuwan baƙin halittu daga wata duniya. Wannan fahimta ta cakuɗa da'awa biyu: cewa sojoji sun yi rufa-rufa, da cewa abin da suka rufe baƙi ne. Ta farko tabbatacciya ce. Ta biyu har yau babu takardar da ta tsayar da ita.

A watan Yulin 1947, sansanin soja na Roswell a jihar New Mexico ya sanar cewa ya tsinci tarkacen wani faifai mai tashi, nan da nan kuma aka janye maganar aka ce balan-balan ce ta auna yanayi. Ƙarya ce kuwa. Sai a 1994 rundunar sojan sama ta bayyana cewa tarkacen na shirin Mogul ne, wato balan-balan da ake turawa sama don jiyo gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyet. Haka nan wani nazarin tarihi da CIA ta fitar a 1997 ya danganta fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na shekarun 1960 da jiragen leƙen asiri irin su U-2. Hukuma ta gwammace a yi ta zancen baƙi da a gane abin da take ƙerawa. Saboda haka mai zargin sojoji yana da hujjarsa, sai dai ya kuskure abin da ake ɓoye masa.

Wasu bidiyoyi uku na abubuwan da ba a gane ba a sama, da matuƙan jiragen rundunar ruwa suka ɗauka, waɗanda suka yi tashe bayan rahoton jaridar New York Times a Disambar 2017, sun fi wuyar turewa. Ma'aikatar tsaro da kanta ta sake su a hukumance a 2020, kuma matuƙi irin David Fravor, wanda ya ga wani abu a 2004 kusa da San Diego, ba mutumin da za a kira mai shaci-faɗi ba ne. Rahoton hukumomin leƙen asiri na 2021 ya duba batutuwa 144, guda ɗaya tak ya warware. Amma a kula: rashin warwarewa shaida ne na ƙarancin bayanai, kamar yadda rahoton ya nuna. Shirin Blue Book na sojan sama ma, mai binciken irin waɗannan rahotanni, da aka rufe a 1969, ya bar rahotanni 701 cikin 12,618 ba bayani.

Ɗalibin hadisi ya san bambancin wanda ya gani da wanda aka gaya wa. Tsohon jami'in leƙen asiri David Grusch ya shaida wa majalisar dokoki a 2023 cewa gwamnati na riƙe da jiragen baƙi, amma isnadinsa ya tsaya ne ga mutanen da suka ba shi labari. Ofishin AARO na ma'aikatar tsaro, mai binciken irin waɗannan batutuwa, ya ce a 2024 bai sami hujjar hakan ba, ko da yake, a yi adalci, wanda ake tuhuma ne yake binciken kansa.

Batun cewa baƙin na sace mutane kuwa shi ya fi rauni. Betty da Barney Hill sun kai wa sojan sama rahoton abin da suka gani a New Hampshire a 1961. Cikakken labarin shigar da su jirgi ya fito ne a 1964, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Benjamin Simon ya sa su cikin wani yanayi mai kama da barci yana yi musu tambayoyi, shi kansa kuma ya fi karkata ga cewa tushen labarin mafarkan Betty ne.