Daga Akushin Ɗura zuwa Wuƙar Likita: Tarihin Ƙera Jikin Mace a Arewacin Adar

Wata baiwar Allah ta rubuto mana daga Tawa, bayan cece-ku-cen da ake ta yi a TikTok da Facebook kan matan da ke zuwa Legas ko Turkiyya a yi masu tiyatar ƙarin mazaunai da rage tumbi. Tambayarta gajera ce: “Malam, wai wannan abu ba Turawa suka kawo mana shi ba? Kakanninmu sun san wani abu wai shi gyaran sura?”

Wuƙar da allurar barcin baƙi ne, babu musu. Amma a kama jikin mace a juya shi da gangan har ya zama yadda idon jama'a ke so, wannan kam ɗan gida ne, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin shaidunsa a rubuce daga hanyar da ta ratsa arewa da Tawa ya fito.

A shekarar 1353, Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Tanja, ya taso daga Gawo cikin ayarin fataken Gadamas, ya nufi Takadda. Ya riga ya ga Makka da Indiya da tsibiran Maldib, ya yi alƙalanci, ya yi aure-aure a ƙasashe da dama, don haka ba baƙon kallon mutane ba ne. A tsakanin biranen biyu ya faɗa ƙasar wasu makiyaya da ya kira Bardama. Ya ce ayari ba ya wucewa sai da kariyarsu, kuma kariyar da mace ta bayar ta fi ta namiji nauyi. Ya kwatanta bukkokinsu na itace da fata. Sannan ya tsaya kan matan: a duk yawonsa, in ji shi, bai taɓa ganin mata masu ƙiba kamarsu ba, kuma ya sa su cikin mafiya kyau. Har cimarsu ya faɗa, nonon shanu da dakakken gero ɗanye da ake damawa da ruwa a sha safe da yamma. Duk Ba'adare ya ji wannan ya san gumba ake nufi. A can ne kuma zafin rana ya kayar da shi ciwo, suka matsa da tafiya har suka isa Takadda.

To, a yarda da shi? Masana sun daɗe suna jayayya kan wannan ɓangare na tafiyarsa. Ya ce a Takadda ana haƙar jan ƙarfe, ana narka shi, ana kai shi har Gobir da Barno. Bafaranshen nan Henri Lhote ya ce sam, Takadda ita ce Tegidda mai gishiri, kuma matafiyin ko marubucinsa Ibn Juzayy ne ya rikita gishiri da jan ƙarfe. In hakan ne, mutumin da bai bambance waɗannan biyu ba, me zai hana ya yi ƙari a kan mata? Sai ga shi a shekarun 1970 Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer sun bincika kufan Azelik, a yankin Ingal, inda ake zaton Takadda take, suka tarar da alamun narkar da jan ƙarfe da ragowar tsohon gari. Ni dai a nan ina bayan Ibn Baɗɗuɗa. Wanda ƙasa ta gaskata shi a kan jan ƙarfe, kuma ya faɗi haɗin gumba daidai, bai cancanci a ƙaryata shi a kan abin da ya gani a ƙofar tanti ba. Kuma ko ta wace rijiya ayarin ya bi, daga Gawo zuwa Azelik sai an ratsa kwarin Azawak.

Abu ɗaya ne bai faɗa ba: bai ce ya ga ana tilasta wa kowa ci ba. Wannan sai bayan shekaru fiye da 400 aka rubuta shi dalla-dalla, kuma daga can yamma. A 1796 Mungo Park yana tsare a zangon Ali, sarkin Larabawan Ludamar, wajen iyakar Mali da Muritaniya ta yau. Ya ce ya ga yarinya zaune tana kuka, kwano a bakinta, uwarta tsaye a kanta da sanda, sai ta shanye nonon raƙumi ta cinye dambunta. Ibn Baɗɗuɗa ya ga ƙibar, Park ya ga yadda ake yin ta.

A namu yankin, masu wannan al'ada su ne manyan gidajen Abzinawa Kel Dinnik, reshen Iwillimmidan na gabas, waɗanda suka rabu da 'yan'uwansu na Menaka suka kafa ikonsu a Azawak, da kuma Larabawan da ke kiwo wajen Tasara da Cintabaradan. Edmond Bernus, wanda ya shafe shekaru yana zama da Kel Dinnik, ya rubuta a kan abin da suke kira adanay, wato ɗura. Ba'amurkiya Rebecca Popenoe kuma ta zauna da Larabawan Azawak, ta fitar da littafi guda a kan batun a 2004.

Abin yana farawa ne idan yarinya ta soma famfara. Daga ranar an raba ta da guje-guje. Wata dattijuwa ce ke ɗaukar nauyin aikin, kaka ko gwaggo ko wata baranyar gida, domin uwa ba kasafai zuciyarta ke jurewa ba. Da damina, lokacin da dabbobi suka ƙoshi nono ya yalwata, a nan ake matsawa. A Kel Dinnik akan kwantar da yarinya, kanta bisa cinyar mai ɗurar, a riƙa tsiyaya mata nono ta wani akushi mai baki kamar mazurari. A wajen Larabawa kuwa a ajiye mata ƙwarya cike da nono ko kunun gero, a zauna a tsare ta. In ta ƙi, a mintsine ta, a tsorata ta. In ta yi amai, a jira cikin ya lafa a sake. Wanda ya taɓa ganin yaro ya ƙware da koko ya san haɗarin zuba ruwa a maƙogwaron da ke kuka. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru har fata ta tsage, nankarwa ta fito a damatsa da cinyoyi da ciki. Wannan nankarwar da matan birni ke neman man shafawa don su ɓatar, a can ita ce shaidar aiki ya yi kyau, ita samari ke yabo. Bayan aure kuma ba sai an tsare ta ba, da kanta take ci gaba. Popenoe ta ba da labarin yadda mata, in za su hau ma'auni a asibiti, ba sa rage tufafi, sai dai su ƙara.

A kan dalilin yin haka ne bakin masu bincike ya rabu. Tsohon bayani, wanda Turawan mulki da matafiya suka fi kawowa, shi ne nuna arziki: 'yar da ba ta iya tashi sai da taimako tana shaida cewa ubanta na da garke da bayi. Wasu suka ƙara da cewa ƙiba na gaggauta balaga, a samu a aurar da yarinya da wuri. Popenoe ba ta gamsu ba. Ta ce matan da ta zauna da su ba su taɓa kawo mata zancen arziki ba. Zancensu kyau ne da sha'awa da kamun kai. A ganinsu namiji na tafiya ne da fafutuka, ya bushe ya tsaya ƙyam, mace kuwa ta zauna, ta yi laushi, ta yi nauyi, jikinta ya bambanta da nasa iyakar bambanta. Jikin da ke jan hankalin namiji shi ne kuma ke hana mai shi yawo.

Na yarda haka matan ke ji, kuma Popenoe ta yi adalci da ta saurare su maimakon ta yi masu fassara. Amma na fi karkata ga tsohon bayanin, ko da yake ba don dalilin da Turawan mulki suka bayar ba. Tambayata ita ce: geron wa aka daka, kuma wa ya daka? Azawak ba ƙasar noma ba ce. A ƙarni na 19 ƙauyukan arewacin Adar suna ƙarƙashin ikon Kel Dinnik, suna ba su hatsi bayan kaka don su zauna lafiya; Djibo Hamani ya bi tarihin Adar kafin zuwan Turawa, Benedetta Rossi kuma ta bi na bauta da ƙwadago a yankin, duk sun nuna irin wannan dangantaka. Hatsin da ya zama kitse a jikin 'yar babban tanti, manomin Adar ne ya nome shi a kan fako da duwatsu. Baiwa ce ta surfa, ta daka, ta jawo ruwa daga rijiya mai gaba da yawa, ta tatso nonon, ta kafa tantin in an yi ƙaura. Kafin mace ɗaya ta zauna, sai mata da yawa sun kasa zama. Mai shan nonon ba lalle ta kira wannan arziki ba, domin a cikinsa ta buɗe ido.

Wannan ne ma ya sa ɗura irin ta Azawak ba ta kama a gidajen manoman Adar ba, alhali su ma suna son mace mai jiki. Ana tsare amarya a gyara ta, ana cika mai jego da kunun kanwa da gasasshen nama, kuma matar da ta rame bayan aure, dangin miji ne ke shan tambaya. Sai dai yarinyar da za ta kai fura gona, ta yi itace, ta yi sussuka, ba wanda zai zaunar da ita shekara bakwai tana shan nono. Jikokinta ne suka yi dakon duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, inda mata suka fi yawa cikin ma'aikata, ana biyan su da abinci.

Yadda al'adar ta ja baya shi ma yana goyon bayan wannan fahimta. Faransawa sun kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, suka karya ƙarfin manyan Kel Dinnik, musamman a lokacin tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, hatsin Adar ya koma haraji. Bayi suka riƙa zarewa a hankali, ko da yake sai 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria. Farin 1973 da na 1984, wanda mutanenmu ke kira El Buhari, suka share garkuna. Iyalan da a da nono ke kwana a ƙwaryarsu suka sauka gefen Abalak da Tawa suna jiran rabon tsaba. Ɗura ba ta mutu ƙurmus ba, amma ta ragu ƙwarai, kuma rashin nono da rashin hannuwa ne suka rage ta fiye da kowane wa'azi.

A daidai waɗannan shekaru ne, a can Faris, likita Yves-Gérard Illouz ya kyautata hanyar zuƙe kitse da siririn bututu mara kaifi. Daga baya aka koyi tace kitsen a mayar da shi mazaunai, aikin da duniya ta sani da BBL. Mutanen yankinmu da dama sun fara jin labarin irin wannan tiyata ne ranar 23 ga Oktoba 2005, da Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifen bayan aikin zuƙe kitse. A 2009 kotu ta ɗaure likitan shekara guda. A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki a Amurka ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kusan 3,000 na mutuwa a aikin ƙarin mazaunai, domin in kitsen ya shiga jijiyar jini sai ya wuce huhu ya toshe. Tun daga nan aka gargaɗi likitoci su tsaya ƙarƙashin fata, kada su kai ga tsoka.

Amma 'yar'uwa mai tambaya, matan Tawa nawa ne ke da kuɗin jirgin Istanbul? Magajin akushin ɗura a garinmu yana cikin tiren mai tallar magani a bakin kasuwa da tasha, shi ne sha-ka-fashe. Tun a 2001 jaridar New York Times ta ba da rahoto daga Maraɗi kan mata masu shan ƙwayoyin ƙiba, har da waɗanda aka yi don dabbobi. Yawanci iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya sa barci. Akwai kuma dexamethasone, wanda shi ne mugun: yana tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, ya bar ƙafafu da hannuwa sirara, ya hau da jini da sukari, ya cinye ƙashi, ya raunana garkuwar jiki. Yarinya ta nemi ƙugu, ta samu kumburin fuska. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake saye wa amarya shi cikin kayan gyaran jiki, ana saura wata guda biki, da hannun uwa ko yaya, kamar yadda dattijuwar Azawak ke riƙe ƙwarya. Kuma wadda ta daɗe tana shan dexamethasone, in ta yanke shi rana ɗaya, jininta na iya faɗuwa har ta suma ko ta rasa rai, domin jikinta ya daina sarrafa nasa sinadarin. Sai ta je wurin likita, ta faɗi gaskiyar abin da take sha da tsawon lokacin, a rage mata shi sannu a hankali.